Babur Ɗina Lafiyarsa Ƙalau

Jiya da safe ina fitowa sai ga maƙwabcina Malam Audu a ƙofar gida, da bakanike a bayansa.

"Malam Isa, fito da babur ɗin a duba. Sati guda ina ganinka kana takawa a ƙasa har fadama, duk ka rame. Ai ba a ɓoye wa maƙwabci."

Na ce, "Babur lafiyarsa ƙalau, ni ne aka gano min ciwon suga. Likita ya ce in rage tuwon shinkafa, in sauke tumbi, in riƙa tafiyar ƙafa."

Ya sallami bakanike.

Ban gaya masa ba, amma saura kaɗan in daina tafiyar. Duk mai babur sai ya tsaya zai rage min hanya, na gaji da bayani.

Yau sai ga shi ba babur, ya naɗe ƙafar wando. "Mu je. In mu biyu ne ba mai tsayawa, za a ce hira muke."

Har gonata ta bakin kogi muka taka, ya fi ni haki.

Allah Ya saka wa Malam Audu. Ku wa ya taɓa yi muku irin wannan rakiya?