Ranar da Na Danna wa Yaya Halliru "Eh"

Ku matso kusa, ku da kuka san Yaya Halliru Mai-Tafireta, yau zan faɗa muku abin da na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Shi ya hana ni faɗa. To, bai dai ce kar in faɗa ba, cewa ya yi, "Wataƙila gara a bar shi." A bakin Yaya kuwa wannan hani ne mai tsanani.

Kun san halinsa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a gidansa na zauna tun bayan rasuwar maigidana, amma ban taɓa jin "eh" ta fito daga bakin mutumin nan ba. Ka ce, "Yaya, ka ci abinci?" sai ya dubi kwanon ya ce, "Da alama." Ka ce, "Gobe Juma'a ko?" ya ce, "Haka ake sa rai." Ranar sunan ɗansa na fari a Jahun, wani baƙo ya tambaye shi me aka samu. Ya ce, "An ce namiji." An ce! Alhali yaron yana hannunsa, wanzami yana jira. In ka matsa masa sai ya ce tabbas na Allah ne, ɗan'adam sai dai zato.

Tun a Kano yake buga tafireta. Da aka yanke Jigawa aka dawo da shi Dutse, a kan cinya ya riƙo injin nan a mota, ya ƙi yarda a ɗora shi saman kaya. Yana nan yana buga wasiƙun ma'aikatarsu, har shekarun da shari'a ta shigo, sai ga takarda daga sama: duk mai buga rubutu dole ya koyi kwamfuta. Wanda bai ci jarrabawa ba kafin ƙarshen wata, a ɗaga shi daga kujera a tura shi Buji ya tsare ɗakin fayil. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ga matarsa Yaya Ladi tana fama da ciwon ƙafa, ba mai kai ta asibiti sai shi. Na ce, "Yaya, yanzu Buji za ka?" Ya ce, "Ba a fata."

Koyon kuwa ba malami ne ke tsayawa gaban allo ba. Ɗaki aka ware mai sanyi, kowa da lokacinsa, ka shiga kai kaɗai, kwamfutar ce da kanta za ta koya maka darasi-darasi. Mai kula da ɗakin wata Madam Rifkatu ce, 'yar Filato, mace mai haƙuri, Allah ya saka mata.

Ranar farko Yaya ya shiga, ya zauna, Madam ta kunna masa ta fita ta ja ƙofa. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga shi a waje, hula a hannu.

"Madam, akwai mace a ɗakin nan."

"Baba, ba kowa fa. Faifai ne."

"Faifan da na sani ƙwarya ake rufewa da shi, ba ya gaisuwa da Turanci."

"Wata ce aka ɗauki muryarta aka sa a ciki."

"To kin gani. Wata ce."

Ya ce shi ba zai keɓe da macen da ba muharramarsa ba, ƙofa a rufe, a wannan zamani da kowa ke gyara zama. Madam ta ce a bar ƙofar a buɗe, aka ce sanyi zai fita, na'ura ta lalace. Yaya ya je ya tambayi limamin unguwarmu, liman ya yi dariya ya ce babu laifi ko kaɗan. Na ce, "To shi ke nan ai." Ya ce, "Da alama shi ma liman bai shiga ɗakin ba."

Haka aka yi ni Hansai, wadda ko kasuwa sai an yi da gaske nake zuwa, na zama 'yar rakiyar kwamfuta. Kullum da hantsi mu tafi, ni da tabarmata da zanen rufa biyu, don sanyin ɗakin nan har cikin haƙori yake shiga. In zauna a bayansa ina ɗinkin hula. Yaya ya tuɓe takalmi, ya ce, "Malama, barka da hantsi," sannan ya fara. In ya yi daidai ta yabe shi, sai ya juyo ya ce, "Kin ji? Shekara nawa ina aiki, ba shugaban da ya taɓa gaya min haka." Wata rana da gangan ya yi ta buga kuskure har sau goma sha wani abu, wai yana so ya ga inda fushinta yake. Ba ta yi fushi ba. Sai ya juyo ya ce, "Hansai, ki riƙa saurare, akwai darasi a nan har da ke."

Sati uku muna haka. Saura kwana biyu wata ya ƙare sai Madam ta shigo da takarda, fuskarta ba daɗi.

"Baba, kwamfuta ta nuna ba ka yi darasi ko ɗaya ba."

Yaya ya dubi kwamfutar, kallon da ake yi wa wanda aka ci tuwo da shi ya je ya ba da shaidar zur. Ni ce na kasa haƙuri.

Na ce, "Madam, ni ban san Turanci ba, amma kunnena lafiya lau. Kullum in an gama sai matar nan ta kira wata Ayu Shuwa. Ita Ayun ba ta taɓa amsawa ba. Shi kuma sai ya danna na hannun dama, ya miƙa hannu ya kashe ta daga bango."

Madam ta zauna a kan tabarmata ta yi min bayani. Ashe ba Shuwa ba ce, ba kowa ba ce. Tambaya ce da Turanci. In ka gama darasi ka ce a ajiye, sai ta ce maka, "Ka tabbata?" Ga "eh" ga "a'a". Sati uku Yaya yana danna "a'a", aikin yana zubewa.

"Baba, don Allah me ya sa?"

"Na duba sama na duba ƙasa, ban ga wurin in sha Allahu ba."

Madam ta je ta roƙi shugabansu aka yarda ya zauna jarrabawar ƙarshe, in ya ci shi ke nan. Ranar jarrabawar kuwa Madam ta zo ta tsaya a kansa. Yatsun Yaya suka yi ta zuba kamar ruwan sama a kan kwano, tun lokaci bai yi rabi ba ya gama. Sai muryar nan ta ce, "Ayu shuwa?"

Yaya ya naɗe hannu a ƙirji. A gefen allon agogo yana ta tafiya.

Na ce, "Yaya, ka danna 'eh' da hannu, ka ce in sha Allahu da baki mana!"

"Hannun ma zai yi magana gobe ƙiyama."

"Yaya, Buji fa! Wa zai kai Yaya Ladi asibiti?"

Na ga gumi a goshinsa, cikin wannan uban sanyi. Ya ɗaga yatsa, ya kai kusa, ya mayar. Sai ya juyo ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Hansai, taso ki danna. Ke kin saba tabbatar da abin da ba ki sani ba."

Madam Rifkatu ta ɗaga kai ta shiga kallon fanka, kamar yau ta fara ganinta. Na taso da allura a hannu, na ce bismillahi, na danna inda ya nuna min. Kwamfuta ta yi wani ɗan kiɗa. Yaya ya ci, kuma ba wanda ya kai shi sauri a ma'aikatar. A kujerarsa ya yi ritaya.

Bayan rasuwarsa, da aka buɗe akwatinsa, sai ga takardar shaidar cin jarrabawar nan a naɗe cikin sabon ƙyalle. A bayanta ya buga layi ɗaya da tsohuwar tafiretarsa. Na daɗe ina haɗa baƙaƙen da ɗan yaƙi da jahilcina kafin na karanta: "Da hannun ƙanwata Hansai." Ban yi kuka ranar jana'iza kamar yadda na yi a bakin akwatin nan ba.

Allah ya jiƙan Yaya Halliru, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da iyayenmu a gidan rahama. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau.

Yanzu babban ɗansa ya ce zai sa takardar a gilashi ya rataye a Kano, ni kuma na ce a ɗakina za ta zauna. To ku da kuka ji yadda aka yi, ku raba mana gardama: wa ya fi cancanta ya riƙe ta?