Rumfa Biyu a Kan Ƙafa Shida

Duk wanda ya yi suna ko walima a Dutsin-Ma cikin shekara ashirin ɗin nan, da wuya a ce bai zauna a inuwar Istifanus Dogo ba. Sana'arsa bayar da hayar rumfuna da kujeru. Kirista ne, Bahaushe, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Kurfi. Da ya shigo gari yana saurayi, wani dattijo mai sayar da hatsi, Malam Alu, shi ya ba shi gefen zaurensa ya ajiye ƙarafansa na farko. Haƙƙin maƙwabtaka ya haɗa su, sabo ya ƙarasa sauran, har 'ya'yan gidan suka tashi suna kiransa Baba.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai game da shi shi ne halinsa a kakar zaɓe. Jam'iyya mai mulki ta ɗauki rumfarsa da safe, ta adawa ta ɗauka da la'asar, kowacce kuwa sharaɗi ɗaya: ba a liƙa hoton ɗan takara a jikin kujerarsa. Waɗannan suka ce munafuki ne, waɗancan suka ce ɗan leƙen asiri. A cocinsu ma bai tsira ba, domin can ɗin ma jama'a ta rabu, sai ga shi ya miƙe ranar Lahadi yana yi wa 'yan takarar biyu addu'a, kowa da sunansa. Wa yake zaɓa? Har matarsa an bugi cikinta, ta ce ita ma tana son ta sani.

Ana saura mako uku zaɓe Allah ya yi wa Malam Alu rasuwa. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Abdullatif babba yana jam'iyya mai mulki, Mutawakkil kuma jigo ne a adawa, sun shekara ba sa ga maciji. Washegarin jana'iza kowannensu ya aiko wa Istifanus da saƙo daban: a kawo rumfa ɗaya domin addu'ar uku. Abdullatif ya ce a kafa tasa gabas da ƙofar gida, Mutawakkil ya ce yamma, can gindin darbejiya.

Istifanus ya juya al'amarin a ransa. Wato za a yi wa mutum ɗaya addu'a biyu, mai ta'aziyya ya tsaya a titi yana lissafin wacce zai shiga ba tare da an ce ya canza sheƙa ba. Malam Alu da ya sani, wanda ba ya iya cin tuwo shi kaɗai, bai cancanci haka ba.

Yana da wata dabara da ya ƙirƙiro saboda lungunan da ba su da faɗi. Ya sa maƙeri ya yi masa ƙafafun ƙarfe masu baki biyu, yadda rumfa biyu za su jingina tare a kan ƙafafu biyu a tsakiya. Rumfa biyu ƙafa takwas suke ci. Da wannan dabara shida sun isa. Ranar addu'a, bayan an fito sallar asuba, ya loda shida, ya kafa rumfunan a manne daidai ƙofar gida.

Abdullatif ne ya fara fitowa.

"Baba, mene ne haka? Gabas na ce."

"Ga taka nan ta gabas. Ta ƙanenka ce ta yamma."

"Ina sauran ƙafafun?"

"Suna shago. Ban manta su ba, da gangan na bar su."

Mutawakkil ya iso yana gyara hula, ya ce, "Ai dama na san aikin gwamnati ne, ba ya zuwa cikakke."

"Ku da ko rumfar kanku ba ku iya riƙewa," in ji wansa. Ya kama ɗaya daga ƙafafun tsakiya zai ja.

Istifanus ya ce, "Ja mana, Abdullatif. Sai dai duka biyun za su faɗo, ga baƙin mahaifinka can sun fara tahowa. Wata rumfar kuma babu a garin nan, duk kun kwashe kun kai wurin gangami."

Abdullatif ya dubi titi, ya ga dattawan ƙauyen Kuki suna saukowa daga mota. Ya saki ƙarfen.

Limamin unguwa, Malam Misbahu, ya zo ya ƙare wa ginin kallo, ya sa aka shimfiɗa masa darduma a gindin ƙafafun tsakiya. Dole magoya bayan kowane ɓangare suka fuskanto wuri ɗaya. 'Yan'uwan suka zauna, ɗaya a damansa, ɗaya a hagunsa, babu mai kallon wani, amma duk wanda ya miƙa wa wannan hannu sai ya miƙa wa wancan. Aka yi addu'a ɗaya, aka shafa tare. Istifanus yana tsaye a bakin titi, ya cire hula, yana yin tasa.

Da aka watse liman ya kira shi gefe.

"Istifanus, ina da tambaya. Wannan a coci aka koya maka, ko a wurin maƙeri?"

"Allah gafarta Malam, ƙarfen na maƙeri ne. A coci an ce mana mu zama masu sulhu, har wanda ya zage mu mu roƙa masa alheri. Ni ban iya wa'azi ba, rumfa na iya."

"To, wa za ka zaɓa?"

"Haba Malam, har da kai?"

Ba a ce 'yan'uwan sun shirya a ranar ba. Sai dai da aka zo kwancewa, Istifanus ya ce irin wannan haɗin ba ya saukuwa sai mutum biyu sun tallafi tsakiya, shi kuwa bayansa ya tsufa. Mutawakkil ya kama ɗaya ƙafar. Sannan Abdullatif ya naɗe hannun rigarsa ya kama ɗayar, ya ce, "Riƙe da kyau, kada ka sakar mini."