Layin da Ya Ɓata a Takardar Likita Theodora

Ranar da suka fara haɗuwa faɗa suka yi. Adda ta je asibiti da ciwon ƙashi da tsakuwar ƙoda, sai ga wata likita tana latsa mata wuya.

"Ke 'yar nan, ƙugu na kawo miki. Kin ga maƙoƙo a jikina ne?"

"Mama, ɓarawon a wuya yake."

"To ki kira 'yan sanda."

Likitar ita ce Theodora, 'yar Donatus mai kayan gyaran mota a Bolari. A nan aka haife ta, Hausa a bakinta har ta fi ta wasu jikokin Adda. Tun tana ƙarama ta ishi mutane da tambaya, babanta yakan ce ta fi kwastoma naci. Ta yi karatu a Maiduguri, ta wuce Turai, ta dawo da magana ɗaya tal: wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a bayan maƙogwaro, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Idan suka haukace sai su riƙa kwasar sinadarin ƙashi suna zubawa a jini, ƙashi ya yi laushi, ƙoda ta tara tsakuwa. A wasu gidajen kuma gadonsa ake yi. Shekara goma sha huɗu tana bin irin gidajen nan a keke, tana ɗibar jini, tana zana zuri'a a takarda: mace da'ira, namiji akwati.

Aka yi wa Adda aiki ta miƙe. Theodora ta ce ta lissafo 'ya'yanta, ta lissafo biyar. Aka auna su, biyu na da ciwon.

Bayan shekara sai ga wata budurwa, Iklima, da tsakuwa, jininta ɗauke da tambarin ciwon irin na Adda sak. A takarda kuwa uban Iklima, Zulkifilu, ɗan wan mijin Adda ne, babu jinin Adda a wannan ɓangaren. Theodora ta sake gwaji sau uku. Ta zargi kwalabe, ta zargi na'ura, har karatunta ta fara zargi. Da ta gaji ta zo gidan Adda ta shimfiɗa takardar a tabarma.

Adda ta daɗe tana kallon da'irori.

"Duk turancin nan, ba wanda ya gaya miki ba a lissafa na fari?"

"Wane na farin?"

"Wancan na Nasarawo. Ni na haife shi, ana yaye shi aka ba wan mijina. Kin taɓa jin Bafulatana ta kama sunan ɗan fari?"

Theodora ta dafe kai. "Mama, wata shida ban yi barci ba!"

"Ni na hana ki? Tambayar ce ba ki iya ba."

Dariyar ba ta yi nisa ba. Zulkifilu ya shekara yana shan jiƙo don ciwon baya, da aka auna shi kuma ƙodarsa ta fara gajiya. Ya rantse ba mai sa masa wuƙa a wuya. Likita ta yi lallashi, matarsa ta yi kuka, bai motsa ba.

Shekara hamsin Adda ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba. Ta yafa mayafi ta hau keke napep. A tsakar gidansa ta tsaya, yana zaune, ta juya ta fuskanci bango.

"A gaya wa mai gidan nan, wuyan da aka yanka ga shi yana magana. In ya ga dama ya bar ni in bi gawarsa."

Ran Litinin da kansa ya je asibiti.

Tun daga nan duk uwar da Theodora ta zaunar, in ta gama lissafi sai likitar ta ce, "Saura wanda ba a faɗa." An ce a gidaje uku ta tono mutane haka, likitocin da take koyarwa ma sun ɗauka.

Da aka sallami Zulkifilu, Theodora ta zo wa Adda da takardar da biro, ta ce za ta haɗa akwatinsa da da'irarta.

Adda ta kau da kai.

"Ja layinki, 'yar Donatus. Amma in kika karanta min sunan, kin daina shigowa gidan nan."