Yadda Malam Sahabi Yake Zaɓen Littafin Adabi

Duk wanda ya koyar tare da mu a Mafara shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori ya san halin Malam Sahabi. Ba ya yarda da littafin adabi sai ya ɗaure shi bayan keke ya kai wa gwaggonsa a Bakura, tsohuwar da ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Ya karanta mata tana kaɗi. In ta yi gyangyaɗi, littafi ya faɗi.

Ina sabon malami, na ɗauka zolaya ce, sai da ya dawo min da littafin da na kawo ina ji da shi.

"Malam, mene ne laifinsa?"

"Shafi na huɗu ta fara minshari. So kake yara arba'in su yi maka haka?"

Wani littafin kuma ya ƙi shi don manomin cikin labarin ya shuka gero tsakiyar rani. Na ce ai yanzu ga noman rani ya zo.

Ya ce, "Ƙanena, wanga marubuci ba dam ya hango ba. Gero ne bai taɓa gani ba sai a tuwo."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da wani sufeto ya zo da littafin waƙoƙin surukinsa, duk yabon ruwan dam, ya ce shi za a koyar. Hedimasta har ya fara godiya. Malam Sahabi ya miƙa wa sufeton alli.

"Ranka ya daɗe, rabin ajina 'yan Maradun ne. Gonakin iyayensu na ƙarƙashin ruwan nan. Shiga ka rera musu da bakinka."

Wallahi ba wanda ya motsa. Ni takalmina kawai nake kallo. Sufeto ya shiga a fusace, ya karanta baiti biyu, ya dubi fuskokin yaran, ya fito bai yi wa kowa sallama ba.

Wata bai cika ba aka mayar da Malam wata makarantar ƙauye can gefen Maradun. Muka je jaje, muka tarar yana washe baki.

"Jajen mi? Nan littattafan suke, da ƙafafunsu suke yawo."

Ashe ɗalibai yake turawa su rubuto labaran ƙauyukan da ruwa ya ci daga bakin tsofaffi, da su yake koyarwa.

Ranar jana'izarsa wani dattijo, tsohon ɗalibinsa, ya nuna min labaran da ya rubuto, takardun duk sun yi ja. Ya ce iyakar abin da ya rage na garinsu ke nan.

Allah ya jiƙan Malam Sahabi, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.