Lallen da ba nawa ba

Yau a layin asembili Malama ta kama hannuna ta ɗaga sama. An hana lalle a makarantarmu, ga yatsuna baƙi ƙirin.

"Ke Hauwa, kullum kina gidan biki ne?"

"A'a Malama. In an tashi ina taya Antina zana wa amare lalle a unguwar Fadikpe. Na dirje da lemun tsami, ya ƙi fita."

Ta sake ni ba duka.

Da aka fita tara, 'yan ajinmu suka zagaye ni, karon farko tun da aka dawo hutu. Har na matsa musu wuri a benci don murna. Ashe lallen Sallah suke so. Da na ce sai Anti ta yarda, suka watse.

Na ci ƙosaina ni kaɗai, littafi a cinya.

Masu aiki bayan makaranta, ku ma haka kuke rasa abokan hira?