Wasiƙun Kailani a Wutsiyar Jirgi

In ka tambayi tsofaffin Tudun Wadan Zariya labarin Kailani tela, abin da za su fara ce maka shi ne ya taɓa yi wa jirgin sama faci. Suna faɗa suna dariya, amma gaskiya ne. Abin da ba sa saurin faɗa shi ne dalilin da ya kai shi filin jirgin, alhali rumfarsa ba ta taɓa rasa aiki ba.

Su biyu ubansu ya bari a rumfar, Kailani da ƙanensa Gwadabe. Tabarma ɗaya, kwandon zare ɗaya. Tudun Wada ta lokacin ba ta cika ba, kana zaune a bakin rumfa kana hango gonakin dawa, kana jin kukan jirgin ƙasa daga tasha. Uban ya bar musu wani irin ɗinki na ƙulle baki, wanda allura ke komawa baya sau biyu kafin ta ci gaba. Ko a cikin riguna ɗari suka gan shi, sun san aikin gidansu ne.

Shekarar da yaƙin duniya ya yi tsanani, aka ce kowace unguwa ta ba da mutanen soja. Mai unguwa ya tsaya a bakin rumfa ranar da Gwadabe ya shiga birni sayen zare. Ya ce mutum ɗaya ake so daga gidan, kuma babba aka saba ɗauka. Kailani ya dafe ƙirji, ya yi tari biyu, ya ce shi ciwon ƙirji gare shi, ƙanen nasa kuwa lafiyayye ne. Ba abin da ke damun ƙirjinsa. Da Gwadabe ya dawo aka ce masa sunansa ne ya fito daga sama. Ya ajiye zaren, ya shiga haɗa kayansa. Bayan wasu watanni aka ji an wuce da su ƙasar Bama, can gabas mai nisa.

Gwadabe ya bar matarsa Hajo a gidan. Kullum ita ke aiko wa Kailani tuwo, in sun haɗu a tsakar gida ta durƙusa ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya, da ka riƙe mu." Wannan godiyar ita ta riƙa cin sa.

A lokacin jiragen yaƙi na wucewa ta sama jere-jere, wasu kuma su sauka a filin Zariya su sha mai ko a duba su. Wata rana Sabo, tafintan Turawan filin, ya zo kasuwa neman tela. Ya ce wutsiyar jirgin da gefen fukafukansa ba ƙarfe ba ne, yadi ne aka ɗame aka shafa masa magani, tsakuwa na huda shi in ya sauka.

Teloli suka yi ta dariya. Wani ya ce, "To a kawo shi mu auna masa wando."

Kailani bai yi dariya ba. Ya ce, "Ina suke zuwa, jiragen?"

"Gabas," in ji Sabo.

Washegari ya rataya jakar allurarsa, ya bi ta inda yanzu ake kira Kwangila, ya nufi filin.

Turawan wurin kowa da sunan da aka laƙaba masa. Sajen da ke kula da gyara ana kiran sa Jan Wuya, don rana ta gasa masa ƙeya. Akwai wani matuƙi da ke yawan sauka, siriri, ko gemu bai gama fito masa ba, ana ce masa Mai Lofe. Kafin ya hau jirgi sai ya shafa hancin jirgin, ya yi masa magana kamar mai lallashin doki. Jan Wuya ya ga ɗinkin Kailani sau ɗaya, ya ja shi da ƙarfi bai motsa ba, ya ce wannan telan ya zauna. Kailani ya koyi yanke bakin faci kamar haƙoran zarto, ya koyi shafa maganin da warinsa ke juya kai. Har ya tsufa yana cewa bai taɓa ɗinka yadi mai kyan na jirgi ba.

Amma ba yadin ne ya kai shi ba. A garinsu, in mutum zai yi gabas, ko alhaji ne ko bafatake, sai a ba shi saƙo, ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa, har ya isa ko bayan shekara ne. Haka Kailani ya ɗauki jirgin. Ya rubuta wasiƙa da ajami a 'yar takarda, ya naɗe ta kamar laya, ya cusa ƙarƙashin faci, ya rufe da ɗinkin ubansu. Lissafinsa shi ne facin zai tsufa a can, a kira tela a cikin sojoji, in Gwadabe ne zai gane ɗinkin, in wani ne zai karanta bayan takardar: don Allah a ba Gwadabe na Tudun Wada. A ciki kuwa magana ɗaya ce kullum. Ni na ba da sunanka, ƙirjina lafiya lau, ka yafe mini.

Akwai hanyar wasiƙa ta soja, kuma ya san da ita. Sai dai ita sai ka zauna gaban akawu a bakin gidan waya, ka faɗa da ƙarfi ya rubuta da boko, mutane na tsaye suna jiran layi, kuma Hajo ba ta bari a aika ba ta je ta ƙara gaisuwarta ba. Kailani yana son a yafe masa, amma ba ya son a san abin da ya yi. Jirgin ya ba shi hanyar faɗin gaskiya ba tare da kowa a Tudun Wada ya ji ba. Wataƙila ma, in za a tona, can ƙasan ransa ya fi son wasiƙar da ba lalle ta isa ba.

Wasiƙu bakwai suka tafi. Ta takwas ce ta tsaya.

Jan Wuya na da al'adar ƙwanƙwasa yadi da yatsa kamar mai gwada ganga. Ran nan da hantsi ya ƙwanƙwasa wutsiyar jirgin Mai Lofe, wuri guda ya ƙi amsawa. Ya sa wuƙa, takarda ta faɗo. Lokacin yaƙi ne, rubutun da Bature bai iya karantawa ba a jikin jirgi ba abin wasa ba ne.

Sabo ya matso, ya rage murya. "Malam Kailani, ka ce laya ce. In ba haka ba za su kira malami ya karanta a gaban kowa, su ce kai ɗan leƙen asiri ne."

"Laya ce," in ji Kailani. "Ta tsari."

Da aka fassara, Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa, ya karɓi takardar, ya juya ta, ya sa a aljihun ƙirjinsa ya maɓalle. Ya ce a yi wa telan godiya, ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan. Jan Wuya ya yi ta faɗa a kan kada a sake cusa komai a jirginsa, maganar ta mutu.

Kailani ya tsira. Da ya yi shiru da shi ke nan. Amma ya kamo hannun rigar Sabo. "Tambaye shi, kwana nawa yake yi kafin ya kai Bama?"

Mai Lofe ya yi dariya. Ya tsuguna ya zana a ƙasa da tsinke: nan Zariya, nan Masar, nan jiragen ke tsayawa. Sannan ya taka har taku shida, ya dangwala tsinken. Nan Bama, ya ce, kuma shi bai taɓa ganin ta ba.

Kailani ya tsaya yana kallon taku shidan nan har jirgin ya tashi da laifinsa a aljihun Bature.

Ranar Litinin ya ce wa Hajo ta shirya, za su gidan waya. Ya zauna gaban akawu, layi na bayansa, ya faɗi abin da ya rubuta a wasiƙun nan takwas, har da labarin facin. Akawun ya ɗago kai ya ce, "In sa haka?" Ya ce, "Sa." Hajo ba ta ƙara gaisuwa ba ranar. Ta ja mayafinta ta koma gida, kuma daga ranar tuwo ya ci gaba da zuwa, godiyar ce ta tsaya.

Amsa ba ta zo ba. Gwadabe ne ya zo, bayan an gama yaƙi, ya rame, yana jan ƙafar hagu. Ya gaisa da kowa. Kwana uku bayan nan ya shigo rumfa, ya duba tabarmar, ya zauna a hagun Kailani, wurinsa na dā, ya jawo kwandon zare. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Kailani bai tambaya ba.

Suna cikin ɗinki wani jirgi ya wuce. Gwadabe bai ɗaga kai ba, ya ciji zare ya ce, "Yaya, ga wasiƙarka can ta wuce."

Shekara talatin suka yi a tabarmar nan, kuma duk jirgin da ya wuce sai Gwadabe ya faɗi haka. Maƙwabtansu na rumfa sun kasu biyu, wasu na cewa yafiya ce, wasu na cewa hukunci ne da ba ya ƙarewa. Abin da suka haɗu a kai shi ne, bayan rasuwar Gwadabe, in jirgi ya wuce sai Kailani ya tsayar da allura, ya ɗan karkata kunne wajen hagunsa, ya jira har ƙarar ta ɓace kafin ya ci gaba.