Golf a Gonar Gero

Jama'a, yau na jefa ƙwallo a rami, gidanmu kuma sai ya sayi gero bana!

Baba ne ya tura ni gona korar tsuntsu, tunda makarantar da nake koyarwa tana hutu. Aikin ba wuya: ka zauna, ka riƙa jan igiyar gwangwanaye. Sai na buɗe wasan golf ɗin da na sauke a waya jiya. Bugun farko, ƙwallo ta faɗa ruwa. Na biyu, yashi! Ashe abin hannu biyu yake so. Na saki igiya.

Malam Iliya, mai gonar da ke manne da tamu, bai saki tasa ba. Duk tsuntsun da ya kora, wajenmu ya sauka. Har gaisuwa ya ɗago mini: "Malam, sannu da nazari!"

Ƙwallo na shiga rami, na ɗaga kai. Ga Baba tsaye, riƙe da zangarniya babu ƙwaya! Ya leƙa wayar.

"Wannan makeken fili kore shar, na wane ne?"

"Na wasa ne, Baba."

"Ba shuka a ciki?"

"Babu."

Ya ce, "To, can ya kamata a kai ka gadi."